Ƙibar da ke zuwa wa yaro farat ɗaya: Shin gado ce?

 A Jos, kamar sauran garuruwanmu, uwar da ɗanta ya yi ɓul-ɓul ita ake yi wa barka. Maƙwabta su ce tubarkalla, kaka ta ce ai gidansu ya biyo. Sau da yawa kuwa babu wata matsala. Amma akwai wata ƙiba da ba ta ci da ƙoshi ba ce, kuma a kanta za mu tsaya yau.

Yaro ɗan shekara 3 yakan kai kilo 14, kuma yakan ƙara kamar kilo 2 a shekara. To ki ɗauka yaron da ke lafiya lau, yana wasa, yana magana, sai cikin wata shida zuwa shekara guda ya ƙara kilo 9 zuwa 14. Kayan sallar bara ba sa shigarsa, amma tsayinsa bai taka kara ya karya ba. Bayan watanni, wani lokacin shekaru, sai numfashinsa ya fara rauni, musamman cikin barci. Likitoci na kiran wannan larura ROHHAD. An fara bayyana irinta a 1965, amma sai a 2007 wasu likitocin yara a Chicago ta Amurka, ƙarƙashin Dokta Debra Weese-Mayer, suka raɗa mata wannan suna. Ta fi bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 7, kuma waɗanda aka tabbatar suna da ita a duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Tushen matsalar wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, wanda girmansa bai fi ƙwallon dabino ba sosai. Shi ke lura da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki da lokacin balaga. Idan ya rikice, sai ki ga yaro ba ya ƙoshi, ko ya wuni bai nemi ruwa ba, ko ya yi ta fitsari, ko idonsa ya fara harara-garke. Abin da ya fi haɗari shi ne numfashin. Ni da ke, idan gurɓatacciyar iska ta taru a jininmu muna barci, ƙwaƙwalwa kan tilasta mana jan numfashi mai zurfi ko ta tashe mu. Shi wannan yaro ƙararrawar tasa ba ta kaɗawa. Ba ya haki, ba ya kukan iska ta yi masa kaɗan, sai dai leɓɓansa su yi duhu, har zuciya ta iya tsayawa.

Tambayar da iyaye ke fara yi ita ce: daga ina ya gado? Masana ma da ita suka fara, kuma suna da dalili. A 1997 a Jami'ar Cambridge ta Ingila an gano wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, daga gidan da ake auren zumunci, waɗanda ƙibarsu ta samo asali daga lalacewar ƙwayar gado guda ɗaya tak, mai sarrafa sinadarin leptin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya ƙoshi. Da aka fara yi musu allurar sinadarin, cin ya ragu, ƙibar ta sauka. Sannan a 2003 masu bincike a Paris ta Faransa suka gano cewa lalacewar ƙwayar gadon PHOX2B ce ke sa a haifi jariri da numfashinsa ke rauni idan ya yi barci. Tunda ROHHAD ta haɗa ƙiba da raunin numfashi, kowa ya zaci an kusa kama bakin zaren.

Aka gwada yaran, PHOX2B ɗinsu lafiya ƙalau. Aka bi wasu ƙwayoyin gado da ake zargi ɗaya bayan ɗaya, ba a samu komai ba. A 2015 masana a Jami'ar Calgary ta Kanada tare da na Chicago suka fitar da sakamakon wani babban aiki: sun binciki ƙwayoyin gadon yara 35 masu cutar, ba su sami wata ƙwaya da za a ɗora wa laifi ba. Tun kafin nan, a 2011, an ba da rahoton wasu tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne, ɗaya na da cutar, ɗayan kuwa garau. A ganina wannan rahoto ya fi kowanne nauyi, don da abin kamar sikila ne, da wuya ta kama Hassan ta bar Usaini.

Yanzu hankali ya fi karkata ga garkuwar jiki. Kusan 4 cikin 10 na yaran ana samun wani ƙari a jijiyoyin da ke gefen ƙashin baya, cikin ƙirji ko ciki. Ana zargin cewa garkuwar jiki, wajen yaƙi da ƙarin, takan kai wa haifotalamus hari bisa kuskure. A 2022 masu bincike a Amurka sun sami sojojin garkuwa masu farmakar wani furotin mai suna ZSCAN1 a jikin 7 daga cikin yara 9 da suka gwada. Adadin kaɗan ne, ba a kai ga yanke hukunci ba, amma ita ce hanyar da ta fi haske zuwa yanzu.

Me wannan ke nufi ga gidajenmu? Babu hujjar da uwar miji za ta ce daga dangin matar ne, ko dangin mata su ce jinin mijin ne. Gidaje nawa aka raba a kan sikila, wadda ita an ma san tushenta, balle wannan da aka bincika aka rasa? Haka kuma babu gwajin jinin da za a yi kafin aure, ko bayan haihuwa, ya ce yaro zai kamu. Abin da likita zai dogara da shi shi ne labarin da ke bakinki da kuma awo.

A nan ne Jos ke da tata matsalar. Yaron da jikinsa ke sanyi, tafin hannu da ƙafa kamar ƙanƙara, a Disamba ko Janairu wa zai kawo wani abu a ransa? Sai a ce sanyin Jos ne, a ƙara masa rigar sanyi da bargo. Idan yana minshari a ce mura ce. Ki lura ko sauran yaran ɗakin sun ɗumama shi bai ɗumama ba, ko sanyin jikin na nan har cikin Maris da rana ta buɗe. Sannan yawancinmu da an gama allurar ƙyanda sai a jefa katin awo ƙasan akwati. Ki fito da shi. A riƙa auna nauyi da tsayi ko da sau biyu a shekara ne, a rubuta da kwanan wata. Yaron da ci ne kawai ya sa shi ƙiba yakan yi tsayi tare da ita, wanda kuwa nauyi ke hawa tsayi ya tsaya, shi ne abin dubawa.

Kada kuma hankali ya tashi a banza. Cikin yara masu ƙiba da minshari, mafi yawa kumburin naman maƙogwaro ne ko yawan zaƙi da lemon kwalba. Wani kumburin ciwon ƙoda ne ake ɗauka ƙiba. Wani kuma magani ne irin su sha-ka-fashe ko ƙwayoyin asma da aka daɗe ana ba shi ba da sanin likita ba, don haka ki tafi da duk kwalin maganin da yake sha.

Idan ƙibar ta zo farat ɗaya, ki nemi ganin likitan yara, a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko wani babban asibiti, ba kemis ba, ba kuma wanzami a ce a cire beli ba. Ki ɗauki bidiyon yaron da waya yana barci, ƙirjinsa a buɗe, na minti biyu ko uku. Ki roƙi a auna iskar jininsa yana barci da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, domin awon da aka yi yana farke zai iya fitowa daidai. Kafin a gano abin da ke damunsa, kada a ba shi maganin tari mai sa barci, kuma idan za a yi masa wani aiki da ke buƙatar allurar barci, ko na kaciya ne, a gaya wa likita tun farko. Cutar ba ta da maganin warkewa tukuna, amma yaran da aka gano da wuri aka haɗa su da na'urar taimakon numfashi da dare, da yawansu suna zuwa makaranta kamar kowa. Wanda aka tabbatar yana da ita, za a riƙa yi masa hoton ƙirji da ciki lokaci-lokaci don neman ƙarin nan, domin idan an gan shi ana iya cire shi.