Jimeta: Inda Aka Ƙi Rama Cuta

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san zafin wulaƙanci a baƙon wuri. Mai gadi ya kwana a ƙofar gidan wani a Ikeja wata guda cur, in ya nemi albashi a ce masa sai wani watan. Ɗan acaɓa ya ci bashi ya sayi babur, bai gama biya ba Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida ran 1 ga watan Yuni na 2022, aka kama babur ɗin, shi ke nan. In kuwa mutumin nan Kirista ne daga Michika ko Madagali ko Hong, to, nasa kayan ya fi nauyi. Mutumin gari ya kira shi "aboki" da gatse, wani lokaci ma ya jefe shi da sunan mutanen da suka ƙone masa gida. Wani ɗan'uwansa na Arewa kuma da zarar ya ji sunansa Bitrus ko Yohanna sai ya ɗan ja jiki.

Ran Lahadi in ya je majami'a akan ce masa ya dogara ga alherin Allah. Maganar gaskiya ce, amma yawan faɗinta ya sa ta dushe a kunnen wasu, har ta koma kamar "sai haƙuri" ɗin nan da ake ce wa wanda ba a da niyyar taimakonsa. Don haka ya kamata a waiwaya gida, a dubi inda aka aikata ta a fili kowa ya gani, watau Jimeta da Yola.

Mutanen Adamawa ba sa bukatar a tuna musu da shekarar 2014. A watan Satumba 'yan Boko Haram suka kama Michika. Ran 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a jihar, suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Jama'a suka watsu, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu a ƙafa suka nufo Yola. Akasarinsu ba sansanin gwamnati suka sauka ba, gidajen dangi da na waɗanda ba su taɓa sani ba suka cika, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki iyalai da yawa. Dubbai kuma suka taru a harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa da ke Jimeta, Kirista da Musulmi, domin Bishop Stephen Dami Mamza ya sa an buɗe musu ƙofa.

Shi kansa Bishop ɗin mutumin Bazza ne a ƙasar Michika, kuma masifar ba ta tsallake gidansu ba, don ya rasa yayansa da wasu dangi a hannun mutanen nan. Jimeta ɗin ma ba ta zama tudun mun tsira ba. Tun a watan Janairu na 2012 'yan bindiga sun shiga majami'ar Christ Apostolic a garin sun kashe masu sujada. A watan Oktoba na 2015 bom ya tashi a masallacin Jumma'a na Jambutu, a watan Nuwamba wani ya sake tashi cikin taron 'yan kasuwa. Kowane ɓangare ya binne nasa.

Da ƙura ta lafa yawancin 'yan gudun hijirar sun koma gida, amma aka bar waɗanda ƙauyukansu ke bakin dajin Sambisa, ba su da inda za su koma. Shekara da shekaru suna zaune a harabar majami'a. Daga bisani, da taimakon wata ƙungiyar Katolika ta ƙasar Jamus mai suna Missio, aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei, da makaranta da majami'a, aka buɗe a watan Afrilu na 2021. Cikin iyalan nan akwai Musulmi 'yan kaɗan. Sai Bishop ya sa aka gina musu masallaci su ma. A lokacin kuwa shi ne shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a jihar.

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, kuma bai kamata a yi saurin zagin waɗanda suka yi gunaguni ba. Matar da aka yanka mijinta a gabanta, in ta tambaya don me za a ɗauki kuɗin ikkilisiya a gina masallaci, tambayarta tana da nauyi. Bahaushe ma ya ce rama cuta ga macuci ibada ce. Sai dai fa a duba da kyau, su wane ne macutan? Iyalan nan Musulmi na Sangere tare aka koro su, tare suka sha yunwa, tare suka kwana a tabarma a harabar St. Theresa. Da an hana su wurin salla, da an rama cuta ne ga wanda shi ma cutarsa aka yi. Yawancin ramuwa kuwa haka take ƙarewa. Mazauna Badun sun ga irinta a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, inda rigimar da ta fara tsakanin mutane ƙalilan ta cinye rumfuna da gidajen waɗanda ko labarin mafarinta ba su ji ba.

A nan ne ma'anar dogara ga alherin Allah take. A Hausa kalma ɗaya ce ake faɗa wa abin da Allah ya yi wa mutum ba don ya cancanta ba, da kuma kyautar da mutum ya yi wa maƙwabcinsa, dukansu alheri ne, kuma masu fassara Littafi Mai Tsarki sun dace da suka zaɓe ta. Kirista ya gaskata cewa an gafarta masa bashin da ba zai iya biya ba ta wurin Yesu Almasihu. Wanda ya riƙe wannan da gaske ba lalle ne ya zama alƙalin kansa, kuma ɗan dokan kansa ba, yana da wanda ya bar wa shari'ar. Hannunsa ya huta da ɗaukar dutse, sai ya sami sararin ɗaukar buhun masara.

Amma fa kada a yaudari kowa cewa mai dogara ga Allah lalle zai ga sakamako da idonsa a duniya. Masu wa'azin da ke alkawarta wa talaka mota da gida in ya ba da baiko sun cika Ikko, kuma suna ɓata bangaskiyar mutane da yawa, don ranar da alkawarin bai cika ba sai mutum ya ce Allah ne ya yashe shi. Rabaran Lawan Andimi, fasto na EYN kuma shugaban CAN na Michika, an sace shi a farkon watan Janairu na 2020. A hoton bidiyon da waɗanda suka kama shi suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna yana fatan komawa ga iyalinsa, in kuma hakan bai yiwu ba ya bar wa Allah, ya roƙi jama'a kada su yi kuka. Ran 20 ga watan suka kashe shi. Addu'ar dubban mutane ba ta dawo da shi gida ba. Abin da aka ba shi shi ne zuciyar da tsoro bai karya ba, kuma duk wanda ya kalli hoton nan ya ga haka. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa wata ƙaya da ke damunsa, ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin zama da ita.

Wani kuskuren kuma shi ne a ɗauka haƙurin Kirista yana nufin ya rufe baki a taka shi. Shi Bulus ɗin nan, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka zo da safe za a sallame shi a ɓoye, ƙin fita ya yi sai da mahukuntan garin suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Da ya ga ba za a yi masa adalci a ƙasar Yahudiya ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bishop Mamza shi ma bai yi shiru ba, ya sha fitowa a jaridu yana faɗa wa gwamnati gazawarta wajen tsaron rayuka. Saboda haka mai gadin da aka hana albashi ya nemi haƙƙinsa. Ya tafi da shaida, ya kai kuka wurin shugaban ƙungiyarsu ko Sarkin Hausawan unguwa ko dattawan ikkilisiya, in ta kama har kotu. Abin da aka hana shi shi ne ya buɗe wa ɓarayi ƙofa da dare don ya huce, ko ya koma ɗaki ya sauke fushin a kan matarsa da 'ya'yansa, wanda shi ne ya fi yawa, ko da yake ba a cika faɗinsa a kan mumbari ba.

Saura kuma majami'un da ake sujada da Hausa a Agege da Mile 12 da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Faɗa wa mutum ya dogara ga Allah alhali an san tun jiya bai ci abinci ba, aiki ne mai sauƙi. Ya kamata kowace ikkilisiya ta keɓe wani abu daga baikon Lahadi don wanda aka ƙwace wa babur, da matar da mijinta ya rasu a baƙon wuri ba ta da kuɗin motar komawa gida, da yaron da aka tsare a ofishin 'yan sanda babu mai tsaya masa. In kuma rikici ya tashi aka ƙone rumfar maƙwabci Musulmi, a buɗe masa ƙofa shi ma ya kwana. Kada a ce sai an yi kuɗi tukuna. A Jimeta da filin majami'a da 'yan ɗakunan da ke akwai aka fara a 2014, gidajen Sangere sai bayan shekara shida da wani abu suka samu.