Buhu ko Gwangwani: Me Za Mu Zuba wa Karen da Muka Ɗaure?



Akwai wata tambaya da kakanninmu ba su taɓa yi ba, yau ga ta a gidajenmu. Da yawa daga cikinmu sun bar cunkoson Nima da Aboabo, sun gina gida a bayan gari, sun zagaye shi da katanga, sun ajiye kare don gadi. Ran da mutum ya shiga kantin kayan dabbobi a Accra ko Kumasi, sai mai kanti ya nuna masa abu biyu: busasshen abinci na buhu, mai kama da ƙananan ƙwayoyi, da jiƙaƙƙen abinci na gwangwani, mai nama da romo. Wanne zai ɗauka?

Wani zai ce wannan magana ce ta masu ƙoshi. Mu kuwa muna ganin maganar amana ce. Karen da kakanninmu suka sani sakakke ne. Yana bin maharba daji, yana zagaya bayan mayanka, yana lashe kaskon ƙanzo, in ƙishi ya kama shi ya san hanyar rafi. Abin da gida bai ba shi ba, gari zai ba shi. Karen yau yana cikin keji ko a kan sarƙa, rana ta fito ta faɗi a kansa, bai da abinci sai wanda hannunmu ya miƙa, bai da ruwa sai wanda muka tuna muka zuba. Wanda ya hana dabba neman abincinta ya ɗauki nauyin ciyar da ita. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hukuncin ajiye kare mun bar wa malamai. Amma wanda ya riga ya ajiye, ciyarwa ta hau kansa.

Ra'ayinmu shi ne: a irin ƙasar da muke zaune, da irin aljihun da yawancinmu ke da shi, busasshen abinci mai kyau shi ya kamata ya zama na kullum, na gwangwani kuma a ajiye shi don lokacin lalura. Sai dai wannan ra'ayi yana da sharaɗi biyu, ruwa da ma'aji, kuma wanda ya kasa cika su gara ma ya haƙura da buhun.

Mu fara da abin da ke cikin kowanne. Busasshen abinci ruwan da ke jikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Na gwangwani kuwa kashi 75 zuwa 80 nasa ruwa ne. Wato wanda ya sayi gwangwani, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ya biya ruwa ne da aka yi wa dakonsa a jirgi daga wata ƙasa. Babban kare mai nauyin kilo 30, irin waɗanda ake ajiyewa don gadi, zai ƙoshi da kimanin giram 400 na busasshen abinci a yini. In da na gwangwani kaɗai za a riƙe shi, sai an buɗe masa gwangwani uku zuwa huɗu masu giram 400 kowace rana. A wata guda, wancan buhu ne mai kilo 12, wannan kuwa gwangwani kusan 100. Kowa ya lissafa da sidin da ke aljihunsa. Abin da muke tsoro shi ne mutum ya fara da gwangwani don burga, wata biyu kuɗi su gaza, ya koma ba kare gwangwani ɗaya a yini yana zaton ya ciyar da shi, alhali dabbar tana ramewa a hankali.

Abu na biyu shi ne zafi. Gwangwani muddin yana rufe zai daɗe bai lalace ba. Da zarar an buɗe shi ya zama kamar dafaffen nama: sai firji, kuma a cinye shi cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda aka zuba a kwano aka bari a rana, kafin 'yan sa'o'i ƙudaje sun mamaye shi, ya fara tsami. Mu da muka sha dumsor tsakanin 2012 da 2016 mun san firji ba abin dogaro ba ne koyaushe. Mai fita kasuwa da asuba ya dawo bayan magariba ba zai iya barin jiƙaƙƙen abinci yana jiran kare ba. Na buhu yana jure wannan.

Yana da kyau mu san cewa ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan abinci, halin rayuwa ne ya zaɓa wa mutane. Wani Ba'amurke mai suna James Spratt ne ya fara sayar da biskit ɗin kare a Landan wajen 1860. Abincin gwangwani ya fito a Amurka a 1922, da naman doki aka yi shi, ya kuma samu karɓuwa sosai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka taƙaita ƙarfen yin gwangwani saboda bukatar soja, sai kamfanoni suka karkata ga busasshe. Irin ƙwayoyin da muke gani yau sun bazu ne a shekarun 1950. Su sun duba halin da suke ciki suka zaɓa. Mu ma namu halin za mu duba, ba hoton da ke jikin gwangwani ba.

To sai sharaɗi na farko, ruwa. Karen da ke cin busasshen abinci duk ruwan jikinsa daga kwanon sha yake samunsa. Kare mai kilo 30 yana bukatar kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, kuma in ana zafi bukatar ta fi haka. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake sanyaya kansa, hakin nan kuwa ruwa yake ci. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku su suka fi kowa bukatar kula da wannan, musamman daga hunturu zuwa zafin watan Maris da Afrilu. A ajiye kwanon ruwa a inuwa, mai nauyi wanda ba zai kife ba, a wanke shi kullum. In an ga kare ba ya shan ruwa sosai, a jiƙa masa ƙwayoyin da ruwan ɗumi kafin a ba shi, a kwashe abin da ya rage bayan ya gama. Da wannan dabara an samu rabin amfanin gwangwani ba tare da kuɗinsa ba.

Sharaɗi na biyu, ma'aji, ya fi shafar mu na kudu. Kumasi da Accra ƙasar laima ce, damina biyu ake yi a shekara. Yawancin busasshen abinci da hatsi ake haɗa shi, masara ko shinkafa ko alkama, kuma duk matar da ta taɓa ajiye masara ko gyaɗa a ɗaki mai danshi ta san abin da fumfuna ke yi. Wata fumfunar tana haifar da dafin da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, kare kuma yana cikin dabbobin da ba su jure shi. A Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, an janye busasshen abincin kare daga kasuwa saboda wannan dafi bayan rahoton mutuwar karnuka fiye da 100. Kada masu gwangwani su yi dariya: a 2007 a can ɗin dai, yawancin abincin da aka janye saboda gurɓata da sinadarin melamin jiƙaƙƙe ne. Ba buhu ba gwangwani, babu wanda ya fi ƙarfin lalacewa. Saboda haka a duba ranar ƙarewar wa'adi kafin a biya. A sayi buhun da kare zai cinye cikin wata guda ko makonni shida. A ɗora shi kan katako, nesa da bango da ƙasa, a ɗaure bakinsa, in da hali a sa shi cikin bokiti mai murfi saboda ɓeraye da kiyashi. A guji wanda aka buɗe buhunsa a kasuwa ana aunawa a leda, don ba a san tun yaushe yake shan iska ba. In ya canja wari ko ya dunƙule, a zubar. Araha ba ta ado.

Ina wurin gwangwani ke nan? Wurinsa yana nan, kuma babba ne. Tsohon kare da haƙoransa suka zube ba zai iya tauna ƙwaya ba. Karen da ya tashi daga ciwo ya ƙi cin komai, sau da yawa ƙamshin jiƙaƙƙen abinci ne ke jawo shi ga kwano. Kwikwiyon da ake yayewa abu mai laushi yake bukata. Mai ciwon ƙoda ko tsakuwar mafitsara likitan dabbobi kan so ya samu ruwa da yawa cikin abincinsa. A irin waɗannan lokuta kuɗin gwangwani ba asara ba ne. Shi kuma zancen da masu talla ke yi cewa busasshen abinci yana wanke haƙora, a rage masa gishiri. Yawancin karnuka haɗiye ƙwayar suke yi ba su tauna ta sosai ba. Ko wanne aka ɗauka, a tabbatar an rubuta a jikinsa cewa cikakken abinci ne, domin akwai gwangwanayen da aka yi su don ƙari kawai. Wanda ba ya son naman alade ya shigo masa gida ya karanta jerin kayan haɗin, don wasu kamfanoni suna sa shi. Kuma in za a canja wa kare abinci, a yi a hankali cikin mako guda, ana gauraya sabo da tsoho, in ba haka ba zawo zai biyo baya.

Mun san akwai mai cewa: me ya sami tuwonmu? Babu abin da ya same shi. Wani bincike da masana a Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci, saboda daɗewar zamansa da ɗan'adam. Tuwo da shinkafa ba guba ba ne gare shi. Matsalar miyarmu ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata jan ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe, ga gishiri da dunƙulen magi da barkono. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Cakulan yana iya kashe kare, goron da muke taunawa ma yana ɗauke da irin sinadaran da ke cutar da shi, don haka kada yara su jefa masa da wasa. Tuwo zalla kuma ba ya gina ƙashi. Kwikwiyon manyan karnuka da aka rena da shi kaɗai yakan tashi da karkatattun ƙafafu. Wanda zai dafa wa karensa da kansa, ya ware masa tukunya: hatsi, da kayan ciki ko kifi, da ɗan ganye, ba kayan yaji, ya kuma tambayi likitan dabbobi abin da zai ƙara don ƙashi. Wanda ya daina ba kare sauran miya ya koma ba shi ruɓaɓɓen buhu, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Mu mutanen zango ne, gidan wani a jikin gidan wani, yaran wannan suna wasa a ƙofar wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Kuɗin da mutum ya rage ta hanyar barin gwangwanin yau da kullum ya isa ya kai karensa ofishin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, har a samu canjin da za a taimaki wani gida da shi. Ba daidai ba ne kare ya ci nama daga Turai alhali ba a taɓa yi masa allura ba, yaran unguwa kuma suna wucewa ta gabansa kowace safiya.

Mai niyyar ajiye kare ya yi lissafin abincinsa da ruwansa da allurarsa tun kafin ya kawo shi gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda lissafin ya fi ƙarfinsa, ƙofar ƙarfe da fitila mai haske ba su jin yunwa.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashin hannunmu.