Ɗan Unguwa Da Bindiga A Kafaɗa



A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Aka ɗebo matasa daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba, aka horar da su, aka ba su babura da makamai. Mutumin Mawashi, ko na Kankia da Kusada, ba sai an faɗa masa dalili ba. Yana jin abin da ke faruwa a Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya kuma ga manomin da ya sayar da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa.

Sai dai harbi shi ne mafi sauƙin abin da ake koya wa soja. Ku tambayi mazan jiya, waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, 'yan kaɗan da suka rage a garuruwanmu. Tsoho zai ba ka labarin yunwa, da sauron kurmi, da takalmin da ya ruɓe a ƙafa, yana dariya. Amma bari wani yaro ya ce, "Baba, mutum nawa ka kashe?" Sai ka ga ya jawo buta, ya ce lokacin salla ya gabato.

Addininmu bai ɗauki kisan rai da wasa ba. Usama ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya kashe wani a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada, don a ganinsa tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta maimaita masa faɗa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Da fitina ta ɓarke tsakanin Musulmi daga baya, Usama ya ƙi zare takobi.

Ko sojan da ya sha horo a Zariya yana kuskure. Daren 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya nemi afuwa. Afuwa ba ta ta da mamaci, amma aƙalla an san wanda za a tuhuma. To ɗan sa-kai da ya tare Bafulatani a hanyar kasuwa, ya yanke masa hukunci saboda kamanninsa kawai, wa zai tuhume shi? Alhaki kwikwiyo ne, kuma 'yan uwan mamacin ba ɗan sa-kan kaɗai za su nema ba, ƙauyensa duka za su faɗa wa.

Shawararmu ga gwamnati da hakimai: duk inda za a horar da waɗannan matasa, a zaunar da tsohon soja da malami a gabansu kafin a miƙa musu harsashi. Wanda aka kama kuwa, a damƙa shi ga 'yan sanda da ransa, a rubuta sunansa da na wanda ya kamo shi.