KWALTA A ƘASA, TAƁO A HANYA

'Yan'uwa talakawa, duk wanda ya taɓa ɗora buhun masara ko kwandon tumatir a mota daga Fammar da damina, yana nufin Kibiya ko kasuwar Rano, ya san abin da nake shirin faɗa. Mota ta kafe, direba ya ƙara kuɗi, kaya su lalace, dillali ya saye su da arha. In ka yi magana sai manya su ce maka wai kwalta tsada gare ta, daga waje ake sayo ta da dala. To, ashe ba su gaya muku ba, kwaltar nan Allah ya binne ta a cikin Nijeriya.

Tana can Kudu, shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa tun daga jihar Legas, ta ratsa Ogun da Ondo har Edo, tsawon wajen kilomita 120. A garin Agbabu na jihar Ondo har tsatsowa take yi da kanta. Kuma ba jiya aka gano ta ba. Tun wajen 1908 wani kamfanin Turawa, Nigerian Bitumen Corporation, ya yi haƙa a wannan yanki, zuwa 1914 ya watse. Ƙiyasin da hukuma ke yawan faɗa da bakinta ya haura ganga biliyan 40. A 2003, zamanin Obasanjo, aka yi bikin buɗe aikin haƙar, aka yi jawabai, kowa ya shiga motarsa. Ina kwaltar?

Hujjarsu ita ce wai abin ya yi kauri, ba ya hawowa ta rijiya kamar ɗanyen mai. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ku dubi man kaɗe da hunturu. Ya daskare, ba ya zubuwa. Hanya biyu ce: ko a ɗora shi a wuta, ko a sirka shi da mai mai ruwa-ruwa. Leburan titi ma sun san haka, shi ya sa suke gauraya kwalta da kananzir kafin su yayyafa ta a kan tsakuwa.

Mutanen Kanada, a lardin Albata, duk hanyoyin biyu suka bi. Wani injiniya, Roger Butler, ya fito da dabarar haƙa rijiya biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu kamar mita 5. A tura tururi ta ta sama, kwalta ta narke, nauyinta ya gangaro da ita cikin ta ƙasa, a zuƙo. Amma dafa ruwa yana cin wuta da ruwa masu yawa. Sai a 1991 shi da abokin aikinsa Mokrys suka ce a gwada tura iskar gas, furofen ko butan, irin wadda ke cikin tukunyar girki. Iskar nan in ta taɓa fuskar kwalta sai ta narke a cikinta, ta kutsa sannu sannu, ta tsinka ta, har ɓawon da ya tsinke ya kwaranya, sabuwar fuska ta bayyana, aikin ya ci gaba. Wani abin kuma, sashen da ya fi nauyi yakan rabu ya zauna a ƙasa, kamar yadda tunkuza ke rabuwa da man gyaɗa, sai abin da ya hawo ya fi sauƙin tacewa. Wadda ke kusa da doron ƙasa kuwa, tono yashin ake yi a wanke.

Ba zan ruɗe ku ba, jam'iyyarmu ba ta saba ba. Dabarar gas zalla tana da nawa, kamar ƙanƙarar sukari a shayin da ba a juya ba. Gas ɗin kuma kuɗi ne, dole a ƙwato shi a sake turawa, in ba haka ba asara. Don haka kamfanonin Kanada suka fi gwada haɗa tururi da ɗan abin sirki. Amma su gwadawa suke yi, suna auna riba da faɗuwa. Mu fa?

Ga inda abin haushin yake. Gas ɗin da wasu ke tattali kamar zinariya, mu shekara da shekaru muna ƙona shi a sararin Allah a yankin Neja Delta. Dokar 1979 ta ce a daina ƙonawa daga 1984. Har yau wuta na ci. Wato ga kwalta a Ondo, ga abin sirka ta a maƙwabta yana tashi hayaƙi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Mu 'yan Arewa kada mu ce wannan rigimar Yarbawa ce. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an yi mata sashe musamman na man inji da kwalta, amma da ɗanyen mai mai kauri na ƙasashen waje, irin na Banizuwela da Kuwait da Saudiyya. A sayo mai kauri daga ƙetare alhali namu na kwance! Daga baya matatar ta shafe shekaru ba ta aiki, aka koma sayo kwaltar a dafe.

Wa ke cin ribar wannan? Mai lasin shigo da kaya, da wanda ya sa masa hannu, da ɗan kwangilar da zai shafa kwalta sirit kamar tozali, ruwan farko ya kwashe, a sake ba shi aikin baɗi. Wa ke biya? Mai tallan gyaɗa da ke ba da kuɗin rasit kowace ranar kasuwa.

Saboda haka in masu manyan riguna sun zo neman ƙuri'a, kada ku tsaya ga atamfa da sabulu. Ku tambaye su ganga nawa aka tono a Agbabu tun 2003, nawa ake kashewa kowace shekara wajen sayo kwalta, kuma da sunan wa aka rubuta lasin. Wanda ya ce bai sani ba, ku kawo mini sunansa ofishin reshe, in shigar da shi cikin littafi.

Naku,
Akawun Jam'iyya, Reshen Fammar.