Tsagewar Gangar Jirgi Mai Saukar Ungulu: A Bar Injiniya Ya Yi Aikinsa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, 'yan'uwa ɗalibai, idan bangon na jirgi mai saukar ungulu ne, mai shigowa ta tsagar ajali ne.

Shi wannan jirgi, muddin farfelarsa tana juyawa, ilahirin jikinsa yana cikin girgiza. Girgizar nan kuwa takan gajiyar da ƙarfe sannu a hankali, kamar yadda waya take karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. Tsaga takan soma ne siririya kamar gashi, galibi a bakin hujin ƙusoshin da suka haɗe falankan alminiyam, ko inda jela ta haɗu da ganga. Jiragen da ke kai ma'aikatan mai daga Fatakwal zuwa rijiyoyin cikin teku suna da ƙarin masifa, domin iska mai gishiri tana cin ƙarfe.

Ido kaɗai ba ya isa. Saboda haka masu dubawa sukan shafa wani ruwan rini wanda yake kutsawa cikin tsaga ya tona ta, ko su bi wurin da na'urar lantarki, ko ta sauti mai ratsa ƙarfe. In an gano ta, akan huda ɗan rami a ƙarshenta don a tsayar da ita, amma wannan dabara ce ta wucin gadi. Gyara na haƙiƙa shi ne a ɗora wani falange a ƙarfafa wurin, ko a sake sashen ɗungum, bisa ƙa'idar da masana'antar da ta ƙera jirgin ta rubuta.

Mai ganin mun cika tsoro ya tuna da Norway. Ran 29 ga Afrilu, 2016, farfelar wani jirgi ƙirar Super Puma ta rabu da shi a sama, mutum 13 da ke ciki suka halaka. Bincike ya nuna tsaga ce ta yi ta girma a ɓoye cikin wani ƙarfen giya. Idan haka ta auku a ƙasar da ta yi suna wajen kula, ina ga inda aka yi sakaci?

Ra'ayinmu dai ɗaya ne. Injiniyan da ya ƙi sa hannu a takardar tashi, ya ce jirgi ya kwana a ƙasa, kada mai jirgi ya tsangwame shi don asarar kuɗin yini guda. Wajibi ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta tsaya masa. Kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da irin waɗannan injiniyoyi, alhali kuwa da yawanmu matuƙi kaɗai muke sha'awar zama. Ya kamata 'yan'uwanmu masu karatun injiniya su waiwayi wannan fanni, domin ran matuƙin kansa yana hannun mai duba ƙusa. Allah Ya sa mu gane.