Jibiya da gatsen ƙaddara: darasi daga Antigoni

Wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubucin nan na Girka, Sofokilis, ya gabatar da wasan kwaikwayon Antigoni a birnin Atina. A cikinsa, Sarki Kiriyon na Tibis ya hana a binne Folinaisis, wanda ya kawo wa birnin yaƙi, domin a bambance masoyi da maƙiyi. Sai dai mamacin ɗan 'yar'uwar sarkin ne. Da Antigoni ta yi wa ɗan'uwanta sutura, sarki ya sa aka toshe ta a kogo da ranta.

A nan ƙarfin wasan yake. Sofokilis ya kifar da tsarin duniya a hoto guda: gawa a sarari tana ruɓewa, mai rai kuma a ƙarƙashin ƙasa. Ga kuma abin da za a iya kira gatsen ƙaddara, wato mai iko yana yanke hukunci da tabbaci, 'yan kallo kuwa suna hango cewa gidansa hukuncin zai ci. Haka aka yi. Ɗansa Haimon ya kashe kansa, matarsa ta bi shi.

Wanda ya san Jibiya ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarki. A takarda, sojojin Yamai aka nufa. A Magamar Jibiya kuwa, manyan motoci ne suka yi jerin gwano, kaya na lalacewa, 'yan dako da direbobi suka zauna hannu rabbana, yayin da hanyoyin daji suka buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri. Halattacciyar sana'a aka toshe, ta ɓoye ta fito fili.

Su wa ke hayin iyakar? Maradi gari ne da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa sarautarsu a cikinsa bayan jihadi ya fitar da su a farkon ƙarni na 19. Auratayya da ciniki sun girmi layin da Ingila da Faransa suka shata. Ko layin dogon Kano zuwa Maradi ta Jibiya aka tsara zai ratsa.

Lokacin da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar a watan Maris na 2024, Mohamed Bazoum yana nan a tsare, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewa daga ECOWAS.

Ba wanda ya ce a tafa wa juyin mulki. Shi ma Kiriyon yana da hujjarsa ta tsaron gari. Laifinsa shi ne ƙin jin gargaɗin makahon boka Tiresiyas sai da bakin alƙalami ya bushe. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafin a sake sa wa wannan ƙofa kwaɗo daga Abuja, a fara jin ta bakin mutanen Jibiya.