Guntun Gatarinmu Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ya 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani juyin da ke gudana a laburarorin duniya, mu kuwa muna kallo kamar ba da mu ake ba. A da, kowane laburare shi ke rubuta wa littafinsa kati: suna, mawallafi, shekara da fanni. A 1967 jami'o'in Jihar Ohio ta Amurka suka kafa ƙungiyar OCLC, a 1971 kuma suka soma tara katunansu cikin kwamfuta ɗaya, wadda ta zama kundin WorldCat. Yanzu mutum guda ke rubuta bayanin littafi, dubban laburarori su kwafa. Daga nan aka koma ɗaukar hoton littattafan kansu: Google ya fara a 2004, rumbun HathiTrust ya biyo baya a 2008, har ya tara littattafai sama da miliyan 17.

Ba mu musun amfanin wannan aiki. Ɗalibin da a da zai kwana a mota don neman littafi guda, yau yana iya sanin inda yake cikin minti ɗaya. Tambayarmu ita ce: wa ke rubuta katin, wa kuma ke riƙe da mabuɗin rumbun?

Mu fara da mabuɗi. Mafi yawan littattafan HathiTrust ana iya binciken kalma a cikinsu, amma dokar haƙƙin mallaka ta hana karanta su. Akwai kuma tsofaffin littattafan da mai karatu a Amurka zai buɗe, na Zariya a rufe masa ƙofa. A 2023 wata kotun New York ta ba manyan kamfanonin ɗab'i gaskiya a kan Internet Archive, aka janye littattafai sama da 500,000 daga aro. Laburaren da ya daina sayen littafi don ya dogara ga rumbun wani, ranar da aka kulle rumbun zai tashi da kantoci wayam. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganar kati ta fi wannan ciwo. Tun shekarun 1980 marubuta a Kano ke buga littattafan Hausa da kuɗin aljihunsu, da yawa ba su da lambar ISBN. Ga rubuce-rubucen ajami jibge a gidajen malamai. Abin da ba a rubuta wa kati ba, ba zai shiga kundin duniya ba, mai bincike kuma zai ɗauka babu shi. Gobe a ce ba mu rubuta kome ba, kamar yadda 'yan mulkin mallaka suka faɗa jiya! Wanda ma aka shigar, in mai shigarwa bai san ƙugiya ba, sai ƙasa ta zama kasa, ɓarawo ya zama barawo.

Kada wani ya ce ɗalibi ba shi da ta cewa. A 2014 ɗaliban Kwalejin Dartmouth suka ƙi amincewa da kalmar ƙasƙanci da Laburaren Majalisar Amurka ke yi wa baƙi marasa takardu laƙabi da ita. 'Yan siyasa suka yi tirjiya, amma a 2021 aka sauya ta.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu da su ɗauki masu tsara katalog da suka iya boko da ajami, su biya su albashin da ya dace. A rubuta wa kowane littafin Hausa da kowane kundin digiri bayaninsa a nan gida, a saka shi cikin kundin duniya da hannunmu. Duk baƙon da zai ɗauki hoton takardunmu, tilas ya bar mana cikakken kwafe, a rubuce cikin yarjejeniya. Ku kuma matasan ma'aikata da ke tsara kasafi, ku daina fara yanka da kuɗin laburare. Ƙungiyar ɗalibai za ta sa ido, kuma za ta tambaya.